Goshin Barau

Duk wanda ya san Agege ta wajen abatuwa, mayankar dabbobi, ya san Alhaji Barau Mai Fata, in ma bai san sunan ba to ya san goshin. Tabon sallah ne zaune a tsakiya, baƙi wuluk, kewayayye kamar an ɗora gindin kofin shayi an ɗauke. Saboda shi hular Alhaji ba ta taɓa sanin hanyar gaba ba. Kullum a ture take can baya, tana reto a ƙeya, ko ruwa ake ko iska.

Goshin nan ya yi masa aiki fiye da ƙafafunsa. In ya ce wa mai saye ƙirgin nan ba yankan wuƙa, ba tabon kaska, sai mai saye ya dubi goshin ya bar ƙirgin a naɗe. Matan Yarabawa masu sayen fata don ganda Baba Alfa suke ce masa, wato malam, har da rusunawa. A masallacin unguwa kuwa wurinsa sananne ne, bayan liman daidai, ko ya makara ana bar masa.

To ni dai ba zan ci naman mutum in ce ba ya sallah ba. Yana yi, biyar ɗin cif, sai dai irin ta kaza ce a kan tsaba: kafin ka ce ya sa goshi ya ɗago. Irin wannan sallar ko shekara ɗari aka yi ba ta barin shaida a fatar mutum. Goshin da Allah ya ba Barau sumul yake kamar na jariri. Abin da jama'a ke gani kuloko ne, baƙin nan da dukawa ke rina fata da shi, yana ajiye a tsohuwar kwalbar turare ƙarƙashin katifa. Litinin da Alhamis da safe sai ya rufe ɗaki, ya naɗa auduga a tsinken ashana, matarsa Turai ta riƙe masa madubi. Da yake a ranakun nan ba ya fitowa da wuri, sai unguwa ta yanke cewa azumi yake yana karatu, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa zance ba.

Shekara goma sha tara ana haka, tabon yana girma tare da mai shi. Ya sayi shago, tabon ya ƙara faɗi. Ya dawo daga Makka, ya ƙara. Turai ta taɓa ce masa, "Alhaji, in ka sake yin wani arziki fa gira za ta shiga ciki." Kwana biyu bai ci tuwonta ba.

Ana nan sai liman, Malam Abdulbaƙi, ya sami kujerar Hajji. Ya ce ranar Juma'a bayan Magariba zai faɗi wanda zai riƙa jan sallah har ya dawo. Sunaye biyu ne a bakin mutane. Ɗaya Barau. Ɗayan Ja'afar mahauci, mutum mai shiru-shiru da ya haddace fiye da rabin Alƙur'ani a tsakanin fiɗa da yanka, amma goshinsa fili ne fetal, ko ɗigo babu. Barau ya so limancin nan kamar ransa. Wata biyu yana gaba, Agege tana baya! Har ya ba tela sabon yadi.

Ranar Litinin bayan La'asar dattawa na zaune a ƙofar masallaci sai ga Bilkis. 'Yar unguwa ce, a nan aka yanke mata cibiya, ta yi boko, yanzu tana aiki a wani kamfani a Ikeja. Ta durƙusa ta gaida kowa da sunansa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, Hausarta na tafe tana tuntuɓe da Turanci.

Ta ce kamfaninsu mutane suke ƙerawa a cikin kwamfuta, na fim da na wasannin da yara ke bugawa a waya. Ƙirar jiki ba wuya. Fata ce wahala. In kwamfuta ta yi fata da kanta sai ta fito kamar ta 'yar tsana, ba ƙofofin gashi, ba tamoji, ba tabo. Shi ya sa suke neman mutanen gaske, su ɗauki hoton fatarsu kusa-kusa, su lulluɓa wa wanda suka ƙera. Yanzu wani dattijo suke haɗawa, madugun fatake na zamanin da, mai tsoron Allah, wanda ayari ke bi ido rufe.

Barau ya gyara zama, ya ƙara tura hula baya.

"Baba Ja'afar nake so," in ji Bilkis. "Hannuwansa da fuskarsa. Har na karɓi jemammun fatun akuya uku a wurinsa, na ƙanensa da ke jima a Kano, za mu ɗauka mu yi wa madugun jaka da takalmi."

Kai jama'a! Mari biyu a kunci ɗaya. An zo neman fuskar mai tsoron Allah an tsallake shi, an zo neman fata a Agege an tsallake shi. Barau ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ya ce, "'Yar nan, madugu mai tsoron Allah ai da alama ake gane shi. Ko ba haka ba, jama'a?"

Bilkis ta dubi goshin, ta ce gaskiya bai zo mata a rai ba, amma tabon zai yi kyau ƙwarai, in Baba zai yarda ya zo shi ma.

Malam Abdulbaƙi ya yi gyaran murya ya tambaya ko abin nan ba sassaƙa gunki ba ne. Bilkis ta ce ya zo ya gani da idonsa ya yi hukunci. Nan Barau ya ga dama ta faɗo masa a cinya. Liman zai zauna ya ga goshi biyu gefe da gefe, kwana biyu kafin Juma'a! Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wajibi ne ka je. Mu tafi da Ladan ma ya zama shaida." Ladan shi ne Malam Ashiru, tsohon da ko an ɗauke wuta unguwa ba ta rasa jin kiran sallah, kuma abin da ya shiga kunnensa da hantsi kafin Azahar ya isa kasuwar Mile 12. Da gangan Barau ya zaɓe shi.

Da Turai ta ji, ta ajiye muciya. Ta ce, "Alhaji, yarinyar nan cewa ta yi kyamararsu tana ganin ƙofofin gashi. Ka zauna a gida."

"Ke kin san hoto? Na fasfo an ɗauke ni, na katin zaɓe an ɗauke ni, wa ya taɓa cewa uffan?"

"Waɗancan fuska suke nema. Wannan fata take nema, kai kuma ka fi kowa sanin abin da ake gani in an shimfiɗa fata a rana."

"Kawo madubi," in ji shi.

Ranar tafiyar Laraba ce, ba ranar shafi ba, amma ya shafa har sau biyu, ya gyara gefe-gefen da kyau. Ya sa babbar riga mai aska takwas, ya zuba turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Kamfanin ya aiko da mota. Suka tarar da ɗaki mai sanyi kamar firjin nama, a tsakiyarsa wani keji na ƙarfe kewayayye, kamar akurkin kaji amma na ƙato. Kyamarori sun fi sittin a jikinsa, kowace ta zuba ido kan kujera guda da ke tsakiya. Mai sarrafa su wani Bayarabe ne mai suna Lekan, ba ya jin Hausa ko ta sannu.

Ja'afar aka fara sawa. Ya cire hula da riga ba musu. Bilkis ta jiƙa auduga da sifirit ta goge masa fuska tas, ta ce maiƙo yana sa fata ƙyalli ya ɓoye abin da suke nema. Fitilu suka yi ta walƙiya. Lekan ya daɗe a kan goshin Ja'afar, yana matso da wata kyamara yana gyaɗa kai. Barau ya raɗa wa Ashiru, raɗar da kowa ya ji, "Me ake nema a fili? Ko gona za su yanka?"

Amma fa audugar nan ta tsaya masa a rai. Bai taɓa gwada kuloko da sifirit ba, kuma ba yau zai gwada a gaban liman ba. Da aka zo kansa, Bilkis ta nufo shi da auduga, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Mene ne a ciki?"

"Sifirit ne, Baba, irin na asibiti."

"Ɗan'uwan giya ke nan. A goshin da nake kai wa Ubangijina? Ko da wasa!"

"Allahu Akbar!" in ji Ashiru, har Lekan ya zabura. Malam Abdulbaƙi ya ce a hankali ai malamai sun yi saɓani a kan wannan, amma muryar Ladan ta riga ta danne shi. Ja'afar, da fuskarsa ke warin sifirit, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi a mashaya.

Aka kawo ruwa da sabulu. Barau ya wanke fuska har sau uku yana dariya a ciki. Kulokon da ke riƙe takalmi a damunar Legas, shi sabulu zai tayar? Ya ɗago, tabo na nan daram, har ya fi kyau.

Aka zaunar da shi a keji, ba hula, ba babbar riga, daga shi sai singileti da tumbi. Wannan bai shirya mata ba. Bilkis ta ce ya ɗaure fuska, ya ɗaure. Ya yi dariya, ya yi. Ya buɗe baki, ya runtse ido, ya ɗaga gira, ya cika kumatu da iska. Dattijo mai jikoki ya kumbura kumatu kamar mai busa algaita, fitilu na ta tartsatsi a kansa. Ya daure. Mai son limanci ai ba ya jin kunyar kwana ɗaya.

Bayan shi aka shimfiɗa fatun akuyar Ja'afar aka ɗauke su ɗai-ɗai. Sannan aka kai baƙi gaban wani allo mai faɗin ƙofar shago, aka kawo musu lemo, Bilkis ta ce bari ta nuna wa Malam yadda aikin yake. Lekan ya buɗo fatar akuya ta farko, ya matso da ita har wurin da bai fi farce ba ya cika allon. Ƙofofin gashi suka fito manya-manya kamar ramukan gyare.

Barau ya tashi tsaye. Nan fa aka zo gidansa. Shekara talatin da biyar yana duba fata, ya san wadda aka feɗe da gaggawa, ya san wadda ta kwana ba gishiri, ya san dabbar da ta yi ƙaiƙayi tun tana raye. Ya matsa kusa da allo yana neman aibi kamar mai neman allura. Ta farko ba komai. Ta biyu ba komai. Jima ce mai kyau, abin haushi. Ana cikin haka wayar Bilkis ta yi ƙara, ta ce ogansu ne, ta fita.

Lekan ya ga baƙi sun gama kallo, ga aiki na jiransa, sai ya rufe fatun akuya ya buɗo abin da ke gabansa, a matse kamar na baya. Fata ce ruwan ƙasa mai duhu, rabinta ya yi baƙi ƙirin.

"Yauwa!" in ji Barau, ya tafa hannu. "Ga ta uku. Na san a rina. Allah gafarta Malam, matso ka ga abin da ake kawo mana daga Kano."

Liman ya matso, Ashiru ya riga shi.

"Wannan baƙin ba na Allah ba ne, shafe ne. Kuloko ne, ko a mafarki na san shi. Dubi bakinsa, ya tsaya cak kamar an ja layi. Baƙin gaske a hankali yake shiga, ba ka sanin inda ya fara. Dubi nan kuma, ya taru a cikin ƙofofin gashi ya bar tudun. Ruwa ne aka shafa ya gangara rami."

Ja'afar ya ce, "Alhaji, ƙanena ba ya ha'inci."

"Ni ban kira sunan kowa ba, fata ce ke magana. Kuma ba sau ɗaya aka yi ba. Ga zobe, ga wani a bayansa, ga wani. An shafa, an dawo an faɗaɗa, an sake dawowa. Wannan aikin shekaru ne, aikin wanda ya mai da ha'inci sana'a." Ya buga allon da yatsa. "Abin dariyar ma, so ake a ce wurin ya sha guga ne ya yi baƙi. To fatar da ta sha guga kauri take yi, ta yi kanta, ƙofofin su toshe. Wannan kuwa dubi, a buɗe suke wangam, lafiya lau. Wallahi fatar nan ba ta taɓa shan wahalar komai ba tun da aka halicce ta."

Daidai nan Bilkis ta dawo. Ta dubi allo, ta dubi rubutun da ke ƙasansa, wayar ta kusa faɗuwa daga hannunta.

"Baba, tsaya, don Allah..."

"Ke, manya na magana. Kwamfuta taku ce, fata tawa ce." Ya juya ga liman, ya sassauta murya irin ta masu wa'azi. "Allah gafarta Malam, ni ba don kaina nake faɗa ba. Amma wanda hannunsa ke cikin irin wannan, ko akuya ba a ba shi amana, balle sallar jama'a."

Ja'afar ya share zufa a ɗakin da ke daskarar da ruwa. Tausayi ya kama ni a nan, don bawan Allah har ya fara tunanin abin da zai ce wa ƙanensa a waya.

Ashiru ne ya ce a nuna musu fatar gaba ɗaya, su ga girman ɓarnar. Ya faɗa wa Lekan da Yarabancinsa na kasuwa. Bilkis ta ce kar, amma Lekan ya riga ya murza abin da ke hannunsa.

Baƙin ya fara tsukewa yana komawa tsakiya, ya zama kewayayye. Wasu gashi suka leƙo daga ƙasa, jere biyu. Barau ya ce a ransa, wace irin jima ce aka bar gashi? Sai ga idanu a ƙarƙashin gashin. Sai hanci. Sai kumatu biyu cike da iska, da gemu, da wuyan singileti. Alhaji Barau Mai Fata, faɗin ƙofar shago, yana busa algaitar da babu.

Lekan, da bai san me aka ce ba, ya dubi fuskokinsu ya yi murmushi, ya ɗaga wa Barau babban yatsa, ya ce hoton ya fito sosai, Baba.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Barau ya so ya ce na'urar ce ta yi ƙarya, to ai na'urar ba ta ce komai ba. Ko kalma ɗaya ba ta furta ba. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan shi ya faɗa, da rantsuwa, a gaban shaidun da shi ya gayyato.

Malam Abdulbaƙi ya ɗauki carbinsa daga kan tebur, ya ce wa Bilkis ya ga aikin, zai yi nazari a kan hukuncinsa. Bai dubi Barau ba, kuma rashin duban ya fi mari zafi. A bakin ƙofa Bilkis, don ta gyara, ta ƙara ɓatawa. Ta ce kar Baba ya damu, goshin madugu na Baba Ja'afar za su sa, don Lekan ya ce akwai kanta mai kauri a wurin, launi ne kawai ba ta yi ba. Amma kumatun Baba za su yi amfani, suna da laushi, akwai wani attajiri da suke haɗawa.

A mota Ashiru bai ce komai ba tun daga Ikeja har Agege. Wanda ya san Ashiru ya san wannan shirun ba alheri ba ne, tara kaya yake yi. Kafin Magariba labari ya zaga abatuwa, ya shiga layin masu ganda, ya hau babur ɗin okada ya sauka unguwar Idi-Araba. Washegari wani mahauci ya wuce ƙofar shagon ya ce a gaida Alhaji Kuloko. Shagon ma a rufe yake.

Alhamis ce, ranar shafi. Turai ta shigo da madubi ta tsaya. Ko sabo ne ko tsiya ce, Allah kaɗai ya sani.

"Fita min da shi."

"To ya za a yi? A shafa ko a bari?"

Tambayar ke nan da ta hana shi barci. In ya shafa, kowa ya san shafawa ya yi. In ya bari, tabon zai riƙa koɗewa a gaban jama'a kullum kaɗan-kaɗan, kamar ana karanta masa takardar laifinsa shafi-shafi. Ya ce ta kawo lemon tsami. Ya goga. Ta kawo toka da soson ƙarfe. Ya goga har wurin ya yi ja ya kumbura. Kuloko ya ce yana nan, ai sau biyu aka shafa shi ranar Laraba, da kyau kuma.

"Kaya mai kyau ka saya," in ji Turai. Sai kuma ta ga idonsa ya cika, ta je ta ɗebo ruwan sanyi ta dafa masa wurin da tsumma. Shekara goma sha tara tana riƙe madubin nan, ita ma ba ta fita daga laifin ba.

Juma'ar a wani masallaci can Ogba ya yi ta, inda ba a san shi ba. Amma Magariba ba ta da wurin ɓuya, rashin zuwa ma magana ce. Ya jawo hula gaba har ta taɓa gira. Hular da ta shekara goma sha tara a ƙeya ta ƙi zama, sai da ya riƙe ta da hannu. Ya shiga masallaci ana tada iƙama. Wurinsa na bayan liman na nan a buɗe, ba wanda ya taka, kowa na jira ya ga ko zai iya. Bai iya ba. Ya tsaya a sahun ƙarshe, can lungu, kusa da akwatin lasifika.

Bayan sallama Malam Abdulbaƙi ya ce Malam Ja'afar zai riƙa jan sallah har Allah ya dawo da shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka yi fatiha, aka shafa, sannan kawuna suka fara juyowa baya ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman abu guda. Ƙofa na can ɗaya ɓangaren, kafin ya kai ta sai ya ratsa mutum sittin. Ga Ja'afar ma ya taso ya nufo shi da hannu a miƙe, kuma da zagi ne da ya fi sauƙi.

Barau ya rasa inda zai sa kansa, sai ya miƙe ya kabbara nafila. Mai sallah dai ba a yi masa magana. Ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya yi ruku'u, ya kai goshi ƙasa. Wurin da ya goge da soso ya taɓa tabarma, zafi ya ratsa shi har ƙeya. Ya yi niyyar ɗagowa nan take kamar yadda ya saba, sai ya lura da wani abu. A duk faɗin Legas, nan ne kaɗai ba wanda ke iya ganin goshinsa.

Sai ya zauna a wurin. Ya yi tasbihi uku, ya ƙara uku, ya ƙara. Ya ji takun mutane suna fita, ya ji ana neman takalma, ya ji dariyar wani a waje an ce masa ya yi shiru. Tasbihin ya ƙare masa, ya rasa me ake faɗa in an daɗe haka, don bai taɓa daɗewa ba. Daga nan abin da ke cikinsa ya fara fitowa da kansa, da Hausa, ba tsari, irin maganar da mutum ba ya so ko matarsa ta ji. Tabarmar ta jiƙe a ƙarƙashin fuskarsa.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba sai da ya ji tsayuwar mutum a kansa, da ƙarar makullin akwatin lasifika.

"Alhaji," in ji Ashiru, "in kulokon ya bushe ka ɗago. Isha'i ta yi, kuma kana kan wayar lasifika."

Barau ya ji shi sarai. Ya laluba da hannu ɗaya, ya zaro wayar daga ƙarƙashin gwiwarsa ya tura masa, bai ɗago ba.